Arabika da Robusta: A Haɗa Su Ko A Sha Kowanne Daban?

Malam, ka ce an kawo maka tsarabar ɗanyen gahawa iri biyu, Arabika daga Habasha da Robusta daga Uganda. Kana tambaya ko ka haɗa su, kuma in za a haɗa, kafin suya ne ko bayanta.

Fara zuba su a tafin hannunka ka duba. Ƙwayar Arabika ta fi tsawo, tsagar tsakiyarta a karkace take. Ta Robusta gajera ce, ta fi zagaye, tsagarta a miƙe. Tun daga gona suka rabu. Arabika shukar tudu ce mai son sanyi, tana yin kyau daga wajen mita 1,000 zuwa 2,000 sama da teku, shi ya sa a Najeriya tsaunin Mambila na jihar Taraba ne gidanta. 'Ya'yanta a hankali suke nuna, sai ƙamshi da ɗan zaƙi da tsami-tsami su taru a ciki. Robusta ba ruwanta da zafi, ta fi jure cuta, kuma sinadarin kafeyin mai hana barci da ke cikinta ya kai kusan ninki biyu na Arabika. Ɗaci da kauri da kumfa ne nata, ƙamshi kuwa kaɗan.

To ka ga abin da ɗaya ta rasa, ɗayar na da shi. Da haka mutanen kudancin Italiya, musamman Napoli, suke zuba Robusta a gahawarsu don ta yi ƙarfi ta tashi da kumfa. Amma haɗi ba dole sai da Robusta ba. Tsohon haɗin nan da ake kira Moka-Jaba duk Arabika ne: na Yaman mai ƙamshin 'ya'yan itace, wanda ake fitarwa ta tashar jirgin ruwa ta Moka, da na tsibirin Jaba a Indunusiya mai nauyi a baki, inda Turawan Holan suka kai shukar a ƙarshen ƙarni na 17.

Batun suya ne na fi so ka kula da shi. Kada ka zuba su kasko ɗaya. Girmansu da taurinsu ba ɗaya ba ne, kafin wannan ta soyu waccan ta fara ƙauri. Arabikar Habasha ka sauke ta jim kaɗan bayan ka ji ta fara fashewa kamar gugguru, tana ruwan ƙasa-ƙasa. In ta yi baƙi tana naso da mai, ƙamshin da aka ɗauko tun daga Habasha ya tafi, kuma wallahi asara ce. Robusta ka bar ta ta ƙara duhu. Su huce, su kwana biyu ko uku a kwalba mai murfi, sannan ka auna ka daka tare.

Ni a ganina, fara dafa kowacce ita kaɗai ka ɗanɗana, don harshenka ya san su. Daga nan gwada cokali 4 na Arabika da 1 na Robusta in baƙa za ka sha. In da madara ne, mayar da shi 7 da 3, domin madara tana danne ɗanɗanon Arabika. In kuma irin gahawar Sudan da ake kira jabana za ka dafa da citta, ƙara Robusta har ta kai rabi, ka ajiye sauran na Habashan don ranar da za ka sha shi ba gauraye.