Casio fx-991EX: gwani ne wajen farfasa lamba, amma a kula da baka

Duk wanda zai shiga Adum ko Kejetia a Kumasi neman kalkuleta wa ɗan da ke shirin jarrabawar WAEC, wannan ya cancanci kuɗinsa. Yana aiki da hasken rana da ƙaramin batir LR44, allonsa kuma tar yake. Abin da ya fi jan hankali a jikinsa shi ne FACT, mai farfasa lamba zuwa tushenta, wato lambobin nan da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu.

A gwada shi tun a gaban mai shago. A buga 999999, a danna =, sannan SHIFT da maɓallin da aka rubuta FACT a samansa. Nan take zai fito da 3³×7×11×13×37. Daga nan sauran aikin na biro ne. A ƙara 1 a kan ƙaramar lambar da ke saman kowane tushe (wanda babu komai a samansa a ɗauke shi a matsayin 1), a ninka: 4×2×2×2×2, lambobi 64 ke nan ke raba 999,999 ba saura. In aka tara su duka ban da ita kanta, za a sami 1,042,881. Jimillar ta fi lambar, don haka tana cikin jinsin masu yalwa, abin da ba kasafai ake samu a lambar mara ba. In na'urar ta kasa wannan gwajin, a mayar wa mai shago abinsa, jabu sun cika kasuwa.

To, ga inda gizo ke saƙar. FACT ba ya karɓar lambar da ta wuce gida goma, kuma ko a cikin goman yana da iyaka. In tushe biyu sun kai gida huɗu, ko guda ya kai 1,018,081, sai ya sa abin da ya gagare shi cikin baka, wato alamar ( ), ya yi shiru. A buga 1022117, zai dawo da ita cikin baka, yaro ya ɗauka ba ta rabuwa, alhali 1009×1013 ce. A buga 2147483647, wadda masanin lissafi Euler ya tabbatar a 1772 cewa ba ta rabuwa, ita ma cikin baka za ta fito. Amsa iri ɗaya ga lambobi biyu da suka sha bamban! Ma'anar bakan kawai ita ce na'urar ta gwada ƙananan tushe ta tsaya, ba hukunci ta yanke ba. Dalilin waccan iyakar kuwa, 1009 ne tushe na farko mai gida huɗu, 1,018,081 kuma shi ne 1009×1009.

Malamai a Aboabo da Asawase, don Allah ku nuna wa yara wannan tun ranar farko. Misali mai kyau shi ne 4294967297: allo zai nuna 641, sannan 6700417 cikin baka. Tabbatar da cewa 6700417 ɗin ba ta rabuwa sai a koma ga kwamfuta, ko a yi haƙurin gwada kowane tushe har zuwa 2,588.