G Plan ko ta Denmak? Amsa ga Maman Sadik kan tsofaffin kabad biyu

Maman Sadik, barka da war haka, ya yara? Na ga tambayarki da hotunan da kika haɗo. Ga waɗanda ba su gani ba: 'yar'uwarmu tana zaune a Ingila, ta ci karo da tsofaffin kabad na falo guda biyu ana sayarwa, dogayen nan masu tsayin ƙugu da siraran ƙafafu da aka yi yayinsu a shekarun 1960. Ɗaya G Plan ce, ƙirar Birtaniya, samfurin Fresco, da lakabinta a cikin durowa. Ɗayar kuma dillalin ya ce ta Denmak ce, katakon tik, kuɗinta ya kusan ninka na farkon sau uku. Tana son sanin wacce za ta ɗauka, kuma tana da niyyar wata rana ta sa ta a kwantena zuwa Kano.

Hajiya, idan dillalin bai nuna miki shaidar wanda ya ƙera ta Denmak ɗin ba, ɗauki G Plan ki riƙe canjinki. Idan ya nuna, to lissafin ya ɗan sauya.

Bari in fara da inda suka yi tarayya, don a nan ake yawan ruɗar mai saye. Babu ɗaya a cikinsu da aka yi da tik zalla. Saman kabad ɗin da gefunanta da ƙyamarenta duk siririn fallen tik ne, wanda galibi kaurinsa bai wuce milimita 1 ba, aka manna shi a kan wani katako mai araha: ko garin katako da aka matse da gam, ko ƙananan sanduna da aka jera aka haɗe. Ƙafafu da mariƙai da bakin gefe su ne katako tsantsa. Wannan ba algus ba ne, haka sana'ar take. Faffaɗan allo guda yana lanƙwashewa a gidan da ake kunna na'urar ɗumama ɗaki, shi kuwa wanda aka yi wa falle yana zama a miƙe. Kuma da falle ne ake samun zanen jikin itacen ya bi ta kan ƙyamare huɗu a jere bai yanke ba, wanda shi ne rabin kyan waɗannan kaya. Saboda haka duk dillalin da ya ce miki ki ƙara kuɗi domin tasa tik ce ciki da waje, ki leƙa bayan kabad ɗin ki dubi bakin allon sama. Za ki ga fallen da idonki.

Tsadar ta Denmak tana da tushe. Daga 1927 zuwa 1966 ƙungiyar kafintocin Kopenhagen tana baje koli duk shekara, inda mai zane da kafinta suke haɗa hannu su fito da abu guda. Daga wannan makaranta aka samu su Hans Wegner da Finn Juhl da Børge Mogensen. Kujerar Wegner ta 1949 ce Kennedy da Nixon, 'yan takarar shugabancin Amurka, suka zauna a kai a muhawararsu ta talabijin a 1960, abin da ya ƙara cusa kayan Denmak a zukatan Amurkawa. Kamfanin France & Søn kuma ya gano yadda za a sarrafa tik da inji duk da yadda yake dakusar da bakin zarto, ya riƙa yin kayan da ake kwancewa a shirya a kwali a tura ƙasashen waje. Da kasuwa ta buɗe sai masana'antu suka yawaita, manya da ƙanana, ƙwararru da 'yan neman na cefane. Wannan shi ne abin da ba a faɗa wa mai saye: kabad ɗin da Arne Vodder ya zana wa kamfanin Sibast da wadda wata ƙaramar masana'anta ta yi don kasuwar masu ƙaramin ƙarfi, duk biyun daga Denmak suka fito, amma tsakaninsu akwai tafiya mai nisa.

G Plan kuwa tarihinta a fili yake. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu katako ya yi ƙaranci a Birtaniya, daga 1942 gwamnati ta ƙayyade irin kayan ɗakin da za a ƙera, ba a ɗage dokar ba sai 1952. A 1953 kamfanin E. Gomme na garin High Wycombe ya fito da sunan G Plan, da dabarar da ta karɓu nan take: ki sayi tebur bana, baɗi ki sayi kujeru, wata shekarar ki ƙaro kabad, duk su dace da juna. Da kayan Denmak suka fara cinye musu kasuwa sai suka ɗauko mai zane ɗan Denmak, Ib Kofod-Larsen, ya yi musu samfuri a 1962. Fresco ɗin da kika gani ta fito a 1966, zanen Victor Wilkins ne, kuma an yi ta da yawan gaske har cikin shekarun 1970. Yawanta ne ya sa take da sauƙin kuɗi yau. Ba rashin inganci ba ne.

Wani abu da yake taɓa ni duk lokacin da na ga Fresco: ƙafafun nan da suka fi jikin duhu galibi katakon afromosiya ne, itacen dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, daga Kwaddibuwa da Gana da kudancin Najeriya har Kamaru da Kwango. A Gana kokrodua suke ce masa. An sare shi ba ƙaƙƙautawa don maye gurbin tik, har a 1992 aka sa shi cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa tsakanin ƙasashe, ke sa wa ido. Idan kika kai ta gida, wani ɓangarenta yankinsa ya koma.

Yanzu mu jera su kusa da kusa, ki san abin da za ki taɓa idan kin je gani.

Jawo durowa gaba ɗaya ki juya ta. A ta Denmak mai kyau za ki ga kusurwoyin an yanka su haƙora-haƙora sun shige juna, cikin durowar katako ne mai haske an goge shi sumul, mariƙin ma sau da yawa daga jikin katakon aka sassaƙo shi. Wasu har bayansu an yi wa falle, don a iya ajiye su tsakiyar ɗaki su raba falo da wurin cin abinci. A Fresco aikin inji ne tsaf, mai ƙarfi, ba ƙawa a inda ido ba ya kaiwa, bayanta kuma allo ne kawai da aka yi don ya jingina da bango. A nan Denmak ta yi gaba, babu musu.

Siffa ma haka. Ta Denmak ta fi sirantaka da sauƙin kallo, gefunanta a zagaye suke. Fresco ta fi jiki, ta fi cika ido, doguwar cikinsu ta kai ƙafa 7. Tana da wani ƙyaure mai buɗewa ƙasa wanda Turawa suka yi don kwalabensu. A gidanmu wurin fulas da kofunan baƙi ne, kuma ya dace da hakan sosai.

Sai abin da aka shafa a sama. Yawancin na Denmak mai aka shafa musu, ya shiga cikin katakon. Idan sun bushe ko sun yi tabo, a wanke a sake shafa mai, su dawo. Na G Plan kuma wani siririn ruwan sheƙi aka fesa wanda ya bushe a kan katakon. Ya fi jure kofin shayi da hannun yara, amma ranar da ya tsage ko ya yi farin zobe mai zurfi sai an kankare saman duka an sake. A hotonki na ga wani wuri mai duhu a saman ta Denmak ɗin, inda da alama an daɗe da ajiye wani abu rana ta canja launin kewayensa. Irin wannan yana raguwa a hankali idan an bar wurin a buɗe, amma dalili ne na neman ragi.

Batun shaida shi ne inda nake so ki tsaya da ƙafarki. Kin san yadda muke yi da atamfa: ba a sayen Holan da bakin mai shago, sai an buɗe an karanta bakin zanen. To haka nan. G Plan tana da tambarin zinare a kayanta na farko, daga baya jan lakabi, kuma samfuranta sanannu ne, ko lakabin ya ɓalle ana gane su. Ta Denmak ki nemi sunan masana'anta a baya, ko ƙarƙashi, ko cikin durowa: Sibast, Omann Jun, Skovby, Dyrlund, H.P. Hansen, Bernhard Pedersen & Søn da ire-irensu. Akwai kuma tambarin Danish Furnituremakers' Control, na ƙungiyar masu ƙera kayan ɗaki da suka amince a riƙa duba ingancin aikinsu tun 1959. Ko da rubutun Made in Denmark kaɗai aka samu, ya fi babu. Abin da ba zan karɓa ba shi ne tallan da aka rubuta Danish style, ko aka ce ana danganta ta da wane. Masana'antun Birtaniya da yawa sun yi kaya a wannan salo, wasunsu ma masu kyau ƙwarai kamar McIntosh na Kirkcaldy a Sikotlan, amma ba a biyansu kuɗin Vodder. Gaskiya ne akwai na Denmak na ainihi da lakabinsu ya faɗi da daɗewa. Asarar mai sayarwa ce wannan, bai kamata ke ki biya ta ba.

Ki kuma tambaye shi kai tsaye ko akwai katakon da suke kira rosewood ko palisander a jikinta. Na Barazil yana cikin rukunin farko na CITES tun 1992. Kayan da aka yi da shi a shekarun 1960 ba a sayar da su a Birtaniya bisa doka sai da takardar shaida, fita da su daga ƙasar ma sai da izini. Ga mai shirin kwantena, wannan ciwon kai ne da ba ki buƙata. Tik ba shi da wannan matsala.

To, Kano. A nan ne na fi karkata ga G Plan, kuma ba don ta fi ƙarfi ba. Gam ɗin da ke riƙe fallen nan ya haura shekara hamsin, kuma duk rayuwarsa a iska mai laima ya yi ta. Hunturu zai tsotse shi, damina ta kumbura shi, shekara bayan shekara. Ko wacce kika kai, ki sa ran wata rana bakin falle zai ɗaga. Idan ta Denmak ɗin irin mai ƙyauren nan ce na siraran sanduna da ke zamewa su lanƙwasa su shige ciki, ƙurar hunturu za ta cika hanyar da suke bi, da damina kuma su cije. Ƙyauren Fresco na buɗewa ne kawai, kowane kafinta zai iya saita shi. Gara ba ta son tik saboda man da ke jikinsa, amma katakon da ke ƙarƙashin fallen ba tik ba ne, don haka kada a manna ta da bango mai danshi, a riƙa leƙa bayanta. Ruwan goge ƙasa ma abokin gaba ne: garin katako idan ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa. Dogayen ƙafafun suna taimakawa a nan, a duka biyun.

Ga kuma lissafin kuɗi. Ƙarin da za ki biya a kan ta Denmak kuɗin suna ne, kuma sunan yana da kasuwa a Landan da Kopenhagen da New York. Idan zama za ki ci gaba da yi a Ingila kuma shaidar ta tabbata, saye ne mai kyau, ranar da kika so rabuwa da ita za ki samu masu nema. Ranar da ta sauka a Kano kuwa, wanda zai taya ta kyanta da ƙarfinta zai duba, ba zai ƙara ko sisi don an ce Sibast ba. Kin biya abin da ba za ki iya karɓowa ba, kin kuma kai abu mai tsada inda yanayi zai fi gwada shi.

Roƙona ɗaya idan ta isa gida: kada a bar kafinta ya hau samanta da injin sanfefa, kada kuma a yi mata fenti ko a lulluɓe ta da fomeka. Minti kaɗan inji zai cinye fallen ya fito da garin katakon da ke ƙasa, kuma wannan ba ya gyaruwa. Sanfefa mai laushi, da hannu, a bi tsawon zanen itacen. Falle idan ya ɗaga, gam kaɗan da abu mai nauyi a kai kwana ɗaya ya isa.

Kafin ki biya ko wacce, ki sa hanci a cikin durowa, domin warin taba da na rima suna daɗewa a tsohon katako. Ki duba allon baya da ƙasan durowa ko akwai ƙananan huji masu zubar da gari, alamar ƙwaro na ciki. Ki ɗan girgiza ta ki ji ko ƙafafun na rawa, yawanci jan ta a ƙasa ne ke kawo haka, shi ya sa ɗaga ta ake yi mutum biyu. Wajen shiryawa a naɗe ta da barguna tukuna, kada leda ta taɓa jikin katakon, don kwantena na yin zufa a teku. Ki ce wa dillalin ta Denmak ɗin ya turo hoton bayanta, da ƙarƙashinta, da kusurwar durowa ɗaya, da duk wani rubutu ko tambari da ke jikinta, ki sa mana a nan mu duba tare. Kuma ki auna ƙofar gidanki da kwanar matakala tun yau, Hajiya, don ƙafa 7 ba ta lanƙwasuwa.