Ofishin sasanci da muka je a Manchester kan kuɗin tallafin yara

Ni da uwar yarana mun rabu lafiya, ba zagi ba gori, sai da aka zo kan kuɗin tallafin yara sannan murya ta fara tashi. Yaran biyu ne, mace mai shekara 14 da namiji mai shekara 7, mako guda suna wajena, mako guda wajenta. A Birtaniya kuwa hukumar haraji, HMRC, ba ta raba Child Benefit, wato tallafin yara da gwamnati ke biya, na yaro ɗaya gida biyu. Mutum ɗaya take biya, in iyaye sun kasa daidaitawa ita za ta zaɓa musu. Abin da ya kai mu wani ofishin sasanta iyali ke nan.

Matar da ta zauna da mu ta san aikinta. Ba ta tambayi wa ya fi son yaran ba, farar takarda ta jawo ta rubuta lissafi muna kallo. A shekarar haraji ta 2025 zuwa 2026, babban yaro fam 26.05 ne a mako, na bayansa fam 17.25. Amma idan iyaye sun rabu kowa ya nemi na yaro ɗaya, to kowannensu babban kuɗin zai samu. Wato maimakon fam 43.30 su shiga gida ɗaya, fam 52.10 za su shiga gidaje biyu. Tsohuwar matata ta karɓi takardar ta sake lissafawa a wayarta, don ba ta yarda ba.

Inda mai sasancin ta fi burge ni shi ne wa zai nemi kuɗin wane yaro. Ni ƙaramin na so, don shi ke cin takalmi kamar gara. Sai ta nuna mana cewa mai karɓar kuɗin yaron da bai kai shekara 12 ba ana rubuta masa makin National Insurance, wanda ake lissafin fanshon gwamnati da shi, kuma cikakken fansho yakan buƙaci shekara 35. Ni ina aiki cikakke, makina na tafiya. Uwar yaran kuwa 'yan sa'o'i take yi. Ka ga ƙaramin nata ne, ba gardama. Mai sasancin ta kuma tambaye mu albashi, saboda daga Afrilun 2024 wanda ya haura fam 60,000 a shekara yake fara mayar da wani kaso na tallafin, a fam 80,000 ya mayar duka. Mu dai ba mu kai can ba, dariya kawai muka yi.

Ba a rasa aibu ba. Ganin farko ya yi jinkiri, wayarsu kuma sai ka yi ta kira ba mai ɗagawa. Kuɗin zama ba wasa ba ne, ko da yake tallafin gwamnati na sasanci, wanda a lokacin yake kaiwa fam 500, ya ɗauke mana kaso mai yawa. Abin da ya fi damuna, kuɗin ciyarwa da ke ƙarƙashin Child Maintenance Service, hukumar da ke lissafa shi tsakanin iyayen da suka rabu, ta taɓo shi sama-sama, alhali can ma ana duba wanda ke karɓar Child Benefit. Na matsa, ta ce wannan sai lauya.

Wanda bizarsa ta hana shi taɓa kuɗin gwamnati ya faɗa mata tun kafin a buɗe takarda, don tallafin yara na cikin abin da aka hana.