Lambun miya mai ƙawata tsakar gida: abin da ya cancanci kuɗinka a bazara

A fadar Villandry da ke Faransa akwai lambun da mutane ke biyan kuɗi su shiga kallo, alhali kabeji ne da latas da karas a cikinsa, an jera su a manyan murabba'ai tara, kowane launi da gurbinsa. Joachim Carvallo ne ya sayi gidan a 1906 ya sake tsara lambun. Hotunan irin wannan wuri su ne ke sa mutum ya dubi tsakar gidansa ya ce shi ma sai ya yi. Zai yiwu kuwa. Sai dai Afrilun Faransa lokaci ne da sanyi ke ja da baya, Afrilun Kano da Sakkwato da Maraɗi kuwa zafi kan kai maki 40, kuma ruwan sama sai an shiga Mayu ko Yuni. Wanda zai fara a bazara, mazubi da inuwa da ruwa su ya kamata su ci mafi yawan kuɗinsa. Iri shi ne mafi arha a lissafin, amma a kansa aka fi yin asara.

Mu fara da abin da za a shuka a ciki. Idan tsakar gidan ƙasa ce, babu abin da ya kai kwami irin na 'yan fadama, wanda ake ɗan haƙa shi ƙasa da matakin fili, domin yana riƙe ruwa. Akwatin katako ko na bulo da ake ɗagawa sama, wanda ake gani a hotunan Turai, an yi shi ne don ƙasa ta yi saurin ɗumama ta kuma tsane, mu kuwa kishiyar haka muke nema a bazara, ga gara na jiran katakon. Amfaninsa sai damina ta kankama, musamman a gidan da ruwa ke kwanciya. Mai hali zai iya kewaye kwaminsa da layi ɗaya na jan bulo, ya samu kyan gani ba tare da ya ɗaga ƙasar ba.

Yawancin gidajen birni kuwa daɓen siminti ne, don haka zaɓin yana tsakanin tukunyar ƙasa, bokitin roba, buhu da tsohuwar taya. Tukunyar ƙasa na fi so. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska ta busar, saiwa ta samu sanyi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Kuma ko babu fenti, jar tukunya da koren ganye sun isa ado. Aibinta biyu: tana shan ruwa fiye da sauran, kuma ƙwallon yara ɗaya ya ishe ta. Bokitin fenti mai lita 20 ya fi riƙe laima kuma kusan kyauta ake samu, a wanke shi sosai a huda gindinsa. A zaɓi fari, don baƙar roba a ranar bazara dafa saiwa take yi. Buhun shinkafa ko na taki yana aiki, saiwa na samun iska, amma rana kan cinye shi cikin 'yan watanni, kuma ba abin da za ka ajiye a ƙofar falo ba ne, sai dai a layin baya. Taya kuwa, ko an shafa mata fenti zafi take ɗauka, ni ba na ba da shawararta ga abin da za a ci. Ko wanne aka ɗauka, kuɓewa da barkono da gauta na son zurfin da bai gaza santimita 30 ba. Ƙananan tukwanen nan masu ban sha'awa da ake sayarwa a bakin titi, na'a-na'a kaɗai za su iya riƙewa.

Sai iri. A kantin kayan noma za ka tarar da fakiti masu hoton latas da kabeji da karas da tumatir ja wur. Duk kayan sanyi ne a wajenmu, lokacinsu daga Oktoba zuwa Fabrairu. Irin latas ba ya son tsirowa idan ƙasa ta yi zafi, wanda ya tsiro kuma sai ya yi tozo ya yi ɗaci. Tumatir yana zubar da fure idan zafin rana ya wuce maki 35, shi ya sa yake tsada a kasuwar 'Yankaba idan noman rani ya ƙare. Lansir ma ɗan hunturu ne. A bar su sai kaka.

Abin da ke son zafi kuwa, shi ne ma ya fi kyan gani, mun dai saba ganinsa a tukunyar miya ne. Furen kuɓewa ruwan ɗorawa ne mai jan tsakiya, dangin furen kallo ne da ake saye da tsada, kuma tana fara 'ya'ya cikin wata biyu. Akwai jar kuɓewa ma, irin Red Burgundy, ga wanda ya samu. Yakuwa mai jan kara tana yin bango mai kyau a bayan lambu, ganyenta na miyar taushe, amma kada a ƙosa da zoɓonta: ba ta fure sai yini ya fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba. Alayyafo, kore da ja a jere, ana fara yankarsa cikin mako uku zuwa huɗu, shi ne mai saurin faranta rai. Ɗoɗɗoya a bakin hanya don ƙamshi, dankalin Hausa ya malala ya rufe ƙasa, zogale ɗaya a lungu da za a riƙa datse kansa don kada ya zarce katanga. Barkono yana jure zafi in ya samu inuwar la'asar.

A ina za a saya? Alayyafo da yakuwa da rama da lalo, irin awo na kasuwa ya wadatar, ba sai an ba da kuɗin fakiti ba. A gwada shi tukuna: ƙwaya goma a jiƙaƙƙen ƙyalle, in bakwai suka tsiro cikin mako guda, a saya. Kuɓewa da barkono su ne suka cancanci fakitin kamfani, a duba ranar ƙarewar wa'adi, a kuma guji wanda ya daɗe a rataye cikin rana, domin zafi na kashe iri ko fakitin bai buɗe ba. Wanda aka rubuta F1 a jikinsa ya fi tsada kuma yakan fi yabanya, amma 'ya'yansa ba sa gadon uwar, baɗi sai an sake saye. Barkono da gauta sun fi sauƙi a sayi dashe wajen masu reno, a juya bayan ganyen a duba ko akwai fararen ƙwari kafin a biya. Kuɓewa ba ta son dashe, a shuka ta inda za ta zauna.

Maganar taki gajeriya ce. Takin shanu ko na awaki da ya ruɓe ya daina wari, kashi ɗaya, a gauraya da kashi biyu na ƙasa mai kyau. Ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi. Takin zamani na NPK 15-15-15 yana ciyar da shuka amma ba ya sa ƙasa ta riƙe ruwa, kuma ƙaramin cokali ya ishi bokiti guda.

Inuwa ita ce abin da masu farawa ke mantawa da shi a kasafi. Ragar inuwa mai tare kashi 30 zuwa 50 na hasken rana ta dace da kayan miya, mai kashi 80 ta rumfar mota ce, shuka a ƙarƙashinta tsawo take yi babu ƙarfi. Zana ko asabari a gefen yamma suna yin aikin da arha, kuma sun fi dacewa da jar tukunya a ido. Wajen ban ruwa, butar lambu mai ramuka ta wadaci tukwane goma zuwa goma sha biyar, safe da yamma. Tiyon ɗigo sai ga mai tanki a sama da kwami mai tsawo, kuma ruwan rijiya mai yashi kan toshe shi in babu matata. A rufe saman ƙasar da ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, ban ruwan zai ragu.

Gidan da ke da kaji ko awaki, ragar waya ce sayayya ta farko, tun kafin tukunya. Ƙadangaru kuma sukan tsinke tsiro tun yana ganye biyu, tsohon gidan sauro a kan turaka huɗu yana tsare shi har ya kai tsawon tafin hannu.