Abincin rana a mashayar ƙauye a Mayo: dankali kala uku, yaji ko ƙwaya babu

Wata takwas na yi ina aiki a yammacin Ailan ban taɓa taka ƙafa cikin mashaya ba. Duk sanda abokan aiki suka ce a je pub a ci abinci sai in ƙirƙiro uzuri, don ni a kaina gidan giya gidan giya ne, ko da wane suna aka kira shi. Yunwa ce ta raba gardama, wata Lahadi cikin Nuwamba. Mun taso daga Ballyhaunis da ke gundumar Mayo, garin da muke zuwa sayen naman halal, wanda ke da masallaci tun shekarun 1980 albarkacin wata mayankar halal da wani ɗan Pakistan ya kafa. Nama cike da but ɗin mota, amma ɗanye. Ruwa na zuba, yara biyu na ƙorafi a baya, kuma a ɗan garin da muka tsaya babu inda ke buɗe sai coci da wannan gida. Uwargida ta ce, "Maigida, ko dai mu shiga, ko ka soya mana naman nan a kan injin mota."

Abin da na yi zato ban same shi ba. Ba kiɗa, ba hayaƙin taba, don tun 2004 ƙasar ta hana shan taba a irin waɗannan wurare. Kantar giyar tana nan a gaba, ba zan ɓoye ba, da tsofaffi uku a kan dogayen kujeru. Amma ɗakin ciki cike yake da iyalai da suka taso daga coci, har da jariri a keken turawa. Doka ta yarda yara su zauna tare da iyayensu har ƙarfe 9 na dare a wannan lokaci na shekara. A murhu ana ƙona wata baƙar ƙasar fadama da suke yankawa kamar tubali su busar, ƙamshinta ya kama labule da kujeru, ya tuna mini da ɗakin girkin kakata da damina.

Gidan na iyali ɗaya ne. Uban yana kanta, ɗiyar tana kai abinci, uwar tana kicin, sunan kakansu ne rubuce a saman ƙofa. Ɗiyar ta kawo takardar abinci, kowane girki da 'yan lambobi a gefensa. Kada wannan ya ruɗe ku. Lambobin na abubuwa 14 ne da dokar Tarayyar Turai ta ce a bayyana saboda masu borin jini, irin su gyaɗa da madara da ƙwai. Naman alade ba ya cikinsu, giya ma haka. Dole mutum ya buɗe baki ya yi tambaya.

Da na tambaya, sai ta ce bari ta kira mamanta. Dattijuwar ta fito tana goge hannu da tawul, ta ja kujera ta zauna, ta bi takardar da yatsa layi-layi. Miyar kifi mai kauri da na sa wa ido: akwai gutsattsarin naman alade a ciki. Soyayyen kifi: ƙullun da ake tsoma shi da giya ake kwaɓawa. Farfesun naman sa: da giyar Guinness ake dafa shi. Farfesun rago da dankali da albasa da karas, wanda shi ne abin alfaharin ƙasar, babu giya babu alade, sai dai ba yankan Musulmi ba ne. Na san akwai masu ci a kan cewa abincin ma'abota littafi ne, wannan mas'ala ce ta malamai, ni dai ban ci ba. Gaskiya a nan na fara tunanin tashi. Sai ta ce tana da ɗanyen kifi da aka kawo jiya, za ta soya mana da man shanu a wankakken kasko, in mun yarda mu jira.

Mun jira, kusan minti 40, kuma wannan ne babban ƙorafina. Abin da ya cece mu burodi ne. Baƙin burodi ne na alkama da dusarta, ba yis a cikinsa, da bekin soda da tsala ake kwaɓa shi, kamar yadda mu muke jefa kanwa a girki. Da ɗuminsa ya zo, ɓawon da tauri, cikin da nauyi, ga man shanu rawaya shar mai ɗan gishiri. Kwando biyu muka tashi da shi, ba a saka mana a lissafi ba.

Kifin ya yi daɗi, fatar ta soyu ƙarau, tsokar tana rabewa da kanta. Amma dankalin ne ya ba mu dariya. A faranti ɗaya akwai dafaffe da ɓawonsa, akwai gasasshe, ga kuma wani tuƙaƙƙe kamar tuwo da aka gauraya da kabeji da man shanu, suna ce masa colcannon. Shi ne gwanin ranar. An yi rami a tsakiyarsa an saka man shanu yana narkewa, sak yadda ake wa tuwon dawa. Na gaya wa dattijuwar cewa a kasuwanninmu dankalin turawa da ake nomawa a Jos "Airish" muke ce masa. Ta yi dariya har ta kira mijinta ya ji. Shi kuma ya rama da nasa: ya san tun farkon shekarun 1960 ake yin Guinness a Ikeja. Na ce masa wannan fannin ba nawa ba ne.

Wani tsoho a teburin kusa ya tsoma baki, ya ce dankalin nan da muke wa dariya shi ya kusa ƙarar da Mayo. Cutar da ta kama dankalin daga 1845 ta jawo yunwar da ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya a ƙasar, wasu kamar haka suka yi ƙaura, kuma yankin nan na cikin inda ta fi ɓarna. Daga nan ya nuna mini wani tsohon hoto a bango, 'yan ƙwallon gargajiyar Mayo na 1951, shekarar da suka ɗauki kofin ƙasa na ƙarshe. Yadda ya faɗi wannan da yadda ya faɗi na yunwar, muryar kusan ɗaya ce.

Sai maganar ɗanɗano. Wanda harshensa ya tashi da attaruhu da daddawa zai ji abincin nan lami. Gishiri da masoro kawai ke kan tebur, karas da kabejin gefe kuwa an dafa su har sun mutu. Uwargida ba ta fita ba tare da ƙullin yajin ƙuli a jaka ba, ta zaro shi a ɓoye kamar mai laifi. Ɗiyar gidan ta gani, ta roƙi ta ɗanɗana, ta lasa, idonta ya kawo ruwa, ta ce a ƙara mata.

Muka rufe da wainar tuffa mai ɗumi da kirim, da shayin Barry's a buta, baƙi ƙirin, madara a gefe. Mu huɗu lissafin bai kai yuro 80 ba, kuma yaran da faranti ɗaya suka ƙoshi. Zan koma, amma sai na buga waya tukuna in ce a ajiye kifi, don zaɓin Musulmi a takardar nan bai wuce biyu ba, kuma kicin ɗin da wuri yake rufewa.

Da za mu fita dattijuwar ta biyo mu bakin ƙofa da rabin burodi a naɗe. Washegari da shi muka karya, da ragowar miyar kuka.