Wata biyar ina ganin likitar damuwa a Ikeja

Albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Bara, bayan ƙaramar salla, barci ya ƙaurace mini. Ƙarfe uku na dare idona biyu, tuwo a baki kamar ƙasa, mai saye ya tsaya a gabana in ji kamar ya tafi ya ba ni wuri. Sau biyu na sha maganin maleriya, aka gwada taifot, babu. Wani malami a Agege ya yi mini ruƙiyya, raina ya ɗan yi sanyi, amma nauyin ƙirjin bai ɗaga ba.

Ƙanen matata ne ya kai ni wani asibitin kuɗi a Ikeja. Likitar ta yi mini tambayoyi 9 game da makonni biyun da suka wuce: barci, ci, kasala, har da ko nakan ji gara in mutu. Wannan na daɗe ban amsa ba. Ta ce ciwon damuwa ne, ta rubuta mini wani magani mai suna sertraline, ta ce yakan kai mako 4 zuwa 6 kafin ya kama sosai, kuma ko na ji garau in ci gaba da sha aƙalla wata 6. Makon farko tashin zuciya kawai na tsinta, saura kaɗan in watsar. A mako na biyar barci ya dawo.

Zaman hirar da suke kira CBT kuwa raina shi na yi. In biya kuɗi a yi mini surutu? Ashe shi zai mayar da ni kasuwa. Matar da muke zaman da ita ta ba ni ɗan littafi in riƙa rubuta abin da zuciya ke raya mini. Da ajami na rubuta: "Na zama kaya ga iyalina." Ta ce in kawo hujja. Na lalubo, na rasa, don ni na biya kuɗin haya. Ta kuma hana ni jiran sai na ji daɗi kafin in fita: in je rumfa ko awa ɗaya ce.

Inda suka gaza, babu mai jin Hausa ko ɗaya. Ƙanen matata ya zama tafinta, to wa zai buɗe cikinsa a gaban ƙanen matarsa? Dole na sallame shi na koma Turancin buroka, rabin maganar ta maƙale a wuya. Ga tsada, ga cunkoson Ojota. Daga baya muka koma yi ta WhatsApp, ina zaune bayan buhunan albasa.

Wata mai zuwa zan koma a duba ni. Littafin ya kusa cika.