Bugenbiliya ko Ɓaure Mai Yaɗo: Wanne Ya Dace da Katangarki?

Hajiya, kin ce katangar lambunki ta bulo ce, an yi mata shafe da fenti, rana tana dukanta tun hantsi har la'asar, kuma kin rasa wanda za ki ɗauka tsakanin bugenbiliya da ɓaure mai yaɗo, wanda masana tsirrai ke kira Ficus pumila. Kafin a zo batun kyau, ki fara duba yadda kowannensu yake hawa, domin a nan suka rabu.

Ɓauren, wanda asalinsa daga ƙasashen Sin, Japan da Biyetnam ne, ba ya neman taimakon kowa. Rassansa suna fitar da ƙananan saiwoyi masu danƙo, su manne da siminti, ganyen ya shimfiɗu lif har bulo ya ɓace. Shekarar farko yakan yi nawa, daga baya sai ya kama gudu. Sai dai wannan danƙon shi ne matsalarsa. Ranar da kika ɓamɓare shi, da fenti zai fito, wani lokacin har da shafen, ya bar tabon da sai an kankare. In akwai tsaga a katangar, saiwa za ta shige ta faɗaɗa ta. Idan ya manyanta kuma, ganyen yakan yi girma da kauri, rassa su fara leƙowa waje, dole a riƙa yi masa aski. Ruwan farin da yake fitarwa in an yanke shi yana sa wasu ƙaiƙayi, don haka a sa safar hannu. Kuma ya fi jin daɗin wuri mai ɗan inuwa da laima. Katanga mai zafi takan ƙona ƙananan ganyensa.

Bugenbiliya kuwa 'yar Kudancin Amurka ce, kuma rana ce abincin ranta. Ba ta mannewa ko kaɗan. Jingina take yi da ƙayoyinta, saboda haka sai kin kafa ƙusoshi, kin ja waya, kin riƙa ɗaure rassan. Aiki ne, amma fentinki zai tsira. Launin nan na ja, shunayya ko ruwan lemo da ake gani daga nesa ganye ne na musamman. Ainihin furen ɗan ƙarami ne, fari, a tsakiya. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: in aka cika mata ruwa da taki, ganye kawai za ta yi ta fitarwa, fure ya ƙi fitowa. Ƙayarta fa ba wasa, in yara na wasa a gindin katangar, a yi tunani.

Wani zai ce ki gwada Antigonon, mai furen ruwan hoda daga Meziko. Ni ban ba da shawararsa ba, don yana yin ƙullutu a ƙarƙashin ƙasa, in ya kafu fitar da shi wahala ne.

Da irin ranar da kika bayyana, da kuma fentin da kika kashe wa kuɗi, bugenbiliya zan ɗauka. Ki shuka ta kamar santimita 40 daga katangar, kada ki fasa ƙasar da ke jikin saiwar wajen dasawa, don saiwarta ba ta jure taɓi. Ki shayar da ita sosai har ta kama, sannan ki rage ruwan.